Ar'ar da utum, itatuwan kan tsaunukan Saudiyya

Duk baƙon da muka hau da shi Ɗa'ifa daga Makka ta hanyar Hada, da iska ta fara sanyi ya ga kore a gefen hanya, sai tambayoyi su ɓarke. Ga waɗanda aka fi yi mini.

Dama akwai daji a Saudiyya?

Akwai, amma sai an hau sama. Tsaunukan Sarawat sun miƙe daga wajen Ɗa'ifa, suka ratsa Baha da Abha har cikin Yaman. Ɗaya daga cikin mafi tsayinsu a ɓangaren Saudiyya, Jabal Sauda a yankin Asir, ya kai kusan mita 3,000. Itacen da ya mamaye can shi ne ar'ar, wanda ake kira juniper da Turanci. Ganyensa ƙanana ne, kore shar ko da rani, in ka murza shi a hannu sai ƙamshin ƙaro ya kama yatsunka. Kusa da shi akwai utum, zaitun na daji.

To ruwan da suke sha fa?

Nan abin yake da ban sha'awa. Iska mai laima tana tasowa daga Bahar Maliya, ta hau tsauni ta zama hazo. Hazon kan maƙale a ganyen ar'ar, ya taru ya riƙa ɗiga a gindinsa. Je Sauda da sassafe ka tsaya ƙarƙashinsa, rigarka za ta jiƙe alhali ba a yi ruwan sama ba. Shi ya sa itatuwan da ke can ƙasa, inda hazo bai cika sauka ba, su ne suka fi bushewa.

Me mutanen wurin suke yi da su?

Katakon ar'ar ba ya saurin ruɓewa, don haka da shi ake rufin tsofaffin gidajen dutse da ƙofofinsu. Ana kuma ƙona itacen a rufe a tatso wani baƙin mai da suke kira kaɗiran, a shafa wa raƙumi mai ƙazuwa ko a shafe akushi da ƙofa. Warinsa kam sai wanda ya saba. Reshen utum kuwa asuwaki ake yi da shi, yana da ɗan ɗaci.

Zan iya sarar reshe in gasa nama in mun fita shaƙatawa?

A'a, ɗan'uwa. Doka ta hana sare itatuwan daji, kuma tarar ba ƙarama ba ce. Sayi gawayinka tun daga gari kafin ka kama hanya.