Sinadaran haɓaka da ƙwayoyin asalin jini a jikin kusu

Ƙwayoyin asalin jini suna zaune ne a cikin ɓargo. Daga gare su ake samun jajayen ƙwayoyin jini da farare da masu daskarar da jini. Ba su da yawa, kuma akasarinsu barci suke yi, kamar irin hatsin da manomi ya ɓoye a rumbu yana jiran damina. Abin da ke raya su, ko ya tashe su su hayayyafa, wasu furotin ne da ake kira sinadaran haɓaka. Yawancin ilimin nan a jikin ɓera aka samo shi, wato kusu a bakin mutanen Damagaram.

A 1961, James Till da Ernest McCulloch a Toronto ta Kanada suka kashe ɓargon kusu da haske mai guba, suka ɗura masa na wani. Sai ga ƙuraje a saifarsa, waɗanda daga baya aka tabbatar kowannensu tsatson ƙwaya ɗaya ne.

Hujja mafi ƙayatarwa ta fito ne daga kusu iri biyu masu tawayar gado, da ake kira W da Steel. Kamanninsu ɗaya: farin gashi, ƙarancin jini, rashin haihuwa. Amma idan aka dasa wa W lafiyayyen ɓargo sai ya warke, Steel kuwa ko gezau. Abin mamaki, ɓargon Steel ɗin yana warkar da W. Ashe na farko irinsa ne ya lalace, na biyu kuwa gonarsa ce. Sai tsakanin 1988 da 1990 aka warware zaren: W bai da lafiyayyen makarɓi mai suna c-Kit a jikin ƙwayoyinsa, shi kuma Steel ya rasa sinadarin haɓaka mai suna SCF da ke manne wa makarɓin. A 2012 aka nuna cewa ƙwayoyin bangon jijiyoyin jini na ɓargo da maƙwabtansu ne ke samar da SCF ɗin.

Ba duka saƙo ne daga maƙwabta ba. Tirombofoyetin, wanda aka gano a 1994, daga hanta yake zuwa, kuma kusun da ya rasa shi ƙwayoyin asalinsa raguwa suke yi sosai. Wani sinadarin mai suna TGF-beta na kwantar da su. Sinadarin G-CSF kuwa koro su yake yi daga ɓargo zuwa cikin jini. Shi eritirofoyetin na ƙoda galibi jikokinsu masu zama jajayen ƙwayoyi yake kulawa.

A Zinder, inda sikila da zazzaɓin cizon sauro ke shanye jinin yara, zancen ba na nesa ba ne, domin dashen ɓargo mai iya warkar da sikila a kan wannan ilimi ya tsaya. Sai dai kusu ba mutum ba ne. G-CSF da ake yi wa masu ba da kyautar ƙwayoyin asali yana da haɗari ga mai sikila, don yana iya tayar masa da ciwo mai tsanani.