Kwamfutar gida a ƙasar ƙura da zafi: tambayoyi da amsoshi

Duk gidan da aka sayi kwamfuta, akwai mutum ɗaya a dangi da ake kira idan ta yi gardama. A namu dangin ni ne. Tambayoyin nan su ne waɗanda na fi sha daga ƙanne, maƙwabta da iyayen yara. Cikin kwamfutocin da aka kawo mini a mace, kaɗan ne tsufa ya kashe. Mafi yawa ƙura ce, ko zafi, ko wuta.

Yaya, laftof ɗita tana zafi kamar dutsen guga, fankarta kuma sai ƙara take yi. Ta lalace ne?

Da wuya. Iska take nema. A cikinta akwai ɗan bututun jan ƙarfe da ke kwaso zafi daga ƙwaƙwalwarta, wato processor, ya kai shi ga wasu siraran ƙarafa masu kama da haƙoran mataji, fanka kuma ta hura zafin waje. Hunturu yakan shafe watanni yana tura ƙura cikin wannan matajin. Daga nan bazara ta shigo, a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi zafin watan Afrilu ya haura digiri 40, ga ƙofar iska a toshe. Idan zafin ƙwaƙwalwar ya doshi digiri 100, ita da kanta take rage gudu don kada ta ƙone, wani lokaci ma ta kashe kanta. Abin da kike gani ke nan.

Na taɓa buɗe ta wani ƙanena da ya riga ya fara tambayar kuɗin sabuwa. Tsakanin fanka da matajin na zaro wata dunƙulalliyar ƙura, ta haɗu da gashi da zaren bargo ta zama kamar lagwanin fitila. Da muka mayar muka kunna, sai da ya kara kunne kafin ya yarda fankar tana juyawa.

Kada ki ɗora ta a kan katifa, filo ko darduma, domin ta ƙasa take shaƙar iska. Faranti ko ɗan katako ya ishe ta. Sau ɗaya a shekara, da zarar hunturu ya wuce, a kai wa mai gyara ya buɗe ya share, ya duba ko man da ke tsakanin ƙwaƙwalwa da jan ƙarfen ya bushe. Idan za ki busa da bulowa da kanki, ki kashe ta, ki tokare fankar da tsinken sakace don kada iska ta juya ta fiye da ƙima. Ban da busawa da baki, akwai danshi a numfashi. Ki riƙa rufe ta da kyalle idan tana kashe, ban da lokacin da take aiki. Mai ta tebur kuma ya ɗaga akwatin daga ƙasa, nan ne shara take tashi.

Wutarmu sai a kawo a ɗauke. Me zan saya in kare kwamfutar?

Ɗaukewar ba ta kai dawowar haɗari ba. Wutar gida a Najeriya da Nijar ta kusan volt 230 ce, amma a daidai lokacin da aka dawo da ita takan zo da ƙarfin da ya zarce haka, kuma a nan ne caja da allon cikin kwamfuta suke ƙonewa. Abu na farko ba ya cin ko sisi: da an ɗauke wuta, zare daga soket. Idan an kawo, bari ta yi minti biyu ko uku ta zauna tukuna. Haka ma janareta: a tayar da shi, sautinsa ya daidaita, sannan a jona, kuma a zare kafin a kashe shi. Idan ka ji ya fara tari don mai ya kusa ƙarewa, yi maza ka cire. Da damina, hadari mai tsawa ya haɗu, cire komai daga bango.

Kan abin saye kuwa, ya danganta da irin kwamfutar. Ta tebur ba ta da batir, wuta na ɗaukewa take mutuwa nan take, aikin da ba a adana ba ya tafi, rumbun ajiyarta ma yana iya samun rauni. Ita UPS take buƙata, wato akwati mai batir a ciki wanda zai riƙe ta na 'yan mintoci ka adana aiki ka kashe ta yadda ya kamata. Mutane suna kuskuren ɗaukar UPS a matsayin ƙaramin janareta, su ci gaba da kallon fim har ya mutu, nan da 'yan watanni batirinsa ya tashi aiki. Sitabilaiza aikinta daban: tana daidaita wutar da ta yi ƙasa ko ta yi sama, ba ta adana ko kaɗan. Laftof kuma batirinta ne UPS ɗinta, cajarta ma tana karɓar wuta daga volt 100 zuwa 240, a rubuce yake a jikinta. Abin da nake roƙon mai laftof shi ne ya guji caja ta jabu mai araha. Na ga wadda ta narke ta tafi da mashigar cajin gaba ɗaya.

In bar ta a jone ko da ta cika?

Laftof ta zamani tana daina ɗura wa batir da ya cika, ba zai fashe don haka ba. Abin da ke gajiyar da batirin lithium shi ne zafi, da zama kullum a cike ƙil, da yawan barinsa ya sauka zuwa sifili. Wasu kamfanoni, irin su Lenovo, Dell da ASUS, sun sa hanyar tsayar da caji a wajen kashi 80. Ga mai sola ko wanda wutarsa ba ta yankewa, wannan ya dace. Wanda ke samun wuta awa uku a yini, ya cika abinsa kawai. Idan ka lura madannai ko wurin jan yatsa sun fara tasowa kamar burodi, batirin ya kumbura. Daina amfani da ita a ranar, a cire shi.

Tana ɗaukar lokaci kafin ta tashi. In sayar in sayi wata?

Duba rumbun ajiyarta tukuna. Da yawa daga tsofaffin da ake shigowa da su na hannu suna ɗauke da HDD, mai faifai da ke juyawa a ciki. Sauya shi da SSD, rumbun zamani marar faifai mai juyawa, shi ne gyaran da ya fi kowane biyan kuɗinsa: kwamfutar da ake jira ta tashi har a haɗa shayi sai ta tashi cikin daƙiƙu. Bayan shi sai RAM, wato wurin da kwamfuta take riƙe aikin da take kai a lokacin. Gigabait 4 ya yi kaɗan a yau, 8 ya ishi karatu da aikin ofis. Sannan danna Ctrl, Shift da Esc tare, ka shiga sashen Startup ka kashe manhajojin da ke tashi da kwamfutar ba tare da kana buƙatarsu ba.

Na kai filashina wurin buga takarda, na dawo duk fayilolin sun zama wasu 'yan alamu masu kibiya.

Wannan bairos ya daɗe yana yawo a shagunan buga takardu da ke bakin makarantu, domin kwamfuta ɗaya ce ake cusa wa filashin mutum ɗari a yini. Kada ka danna alamun nan, dannawar ce take shigar da shi cikin taka kwamfutar. Kada kuma ka yi gaggawar goge filashin, galibi fayilolinka suna nan, ɓoye su ya yi. Sa Microsoft Defender, maganin bairos da ke zuwa kyauta cikin Windows 10 da 11, ya bincike filashin, sannan ka kunna nuna ɓoyayyun fayiloli ka kwashe kayanka. Nan gaba, mayar da takardar PDF ka tura wa mai shagon ta WhatsApp ko imel, filashinka ya zauna a gida.

Ba na goyon bayan tara maganin bairos biyu ko uku a kwamfuta ɗaya, faɗa suke da juna su ƙara mata nauyi. Kuma manhajojin sata da ake loda wa mutane a kasuwa, waɗanda sai an kashe Defender kafin su shiga, ta nan ne ɓarna mafi muni take shigowa.

Shayi ya zube a kan madannai.

Danne maɓallin kunnawa har ta mutu, zare caja, kife ta a buɗe a kan tawul. Kada ka kunna don ka ga ko tana aiki, wannan gwajin ne yake ƙarasa ta. Shinkafar da wasu ke cewa a binne ta a ciki ba ta tsotse abin da ya shiga ciki, rana kuma tana cutar da batir. Suga da madara suna cin ƙarfen allon cikin kwamfutar ko bayan sun bushe, don haka kai ta wurin mai gyara a ranar ko washegari.

Da na jona ta da wayata, data sai ta ƙare. Kuma an ce Windows 10 ta daina aiki.

Windows tana sauko da sabuntawa a ɓoye. Shiga bayanan Wi-Fi ɗin wayarka a Settings ka kunna Metered connection, za ta rage ci sosai. Amma ka ware rana ɗaya a wata, lokacin da kake da data mai yawa, ka bar ta ta sabunta, domin ƙofofin ɓarayin intanet ake toshewa da sabuntawar.

Windows 10 ba ta daina aiki ba. Microsoft ta daina ba ta tallafin da aka saba ne daga 14 ga Oktoba, 2025. Za ta ci gaba da kunnuwa, sai dai kariyarta tana raguwa, kuma mai shiga asusun banki da ita ya kamata ya damu. Windows 11 tana neman wani ɗan sashen tsaro a cikin kwamfuta da ake kira TPM 2.0, kuma a masu ƙwaƙwalwar kamfanin Intel galibi sai daga zubi na 8 zuwa sama. Mai shirin sayen ta hannu a Farm Centre ta Kano ko Banex ta Abuja ya tambayi wannan kafin ya biya. Kwamfutar da ta gaza ɗaukar Windows 11, ana iya sa mata Linux Mint a madadin Windows, kyauta ce kuma tana tafiya da tsofaffi lafiya.

Yaya zan rubuta ƙ, ɗ, ɓ da ƴ?

Windows tana da tsarin madannai na Hausa. Ƙara harshen Hausa a sashen harsuna na Settings, sannan ka riƙe Alt na hannun dama ka danna k, d, b ko y.

Kawu, ina rubuta furojet ɗina na kammala digiri. Me ya fi muhimmanci in yi?

'Yata, wannan ce tambayar da na fi so a yi mini tun kafin abu ya faru. Wata ɗalibar ta taɓa zuwa mini da kuka, saura mako biyu ta miƙa aikinta, rumbun ya fara wani ƙas-ƙas ya tsaya. Babi huɗu da ta shafe shekara tana haɗawa suna ciki, babu su a ko'ina. Abin da muka iya tsira da shi babi na ɗaya ne kawai, shi ma don ta taɓa tura wa malaminta ta imel. Sauran da hannu ta sake rubutawa daga tsofaffin takardun da malamin ya yi wa gyara da jan biro.

Ki ajiye aikinki a wuri uku: a kwamfutar, a filashi ko rumbun waje da ba ya kwana cikin jakar laftof ɗin (ɓarawo da jakar yake tafiya), sannan a intanet. Google Drive yana ba da gigabait 15 kyauta, furojet ɗinki ba zai ci ko kashi ɗaya cikin ɗari ba. Duk daren da kika yi rubutu, kafin ki rufe, ki sa wa fayil ɗin kwanan watan ranar a sunansa ki tura wa kanki ta imel. Lokaci-lokaci kuma ki buɗe wanda kika tura ɗin a waya, ki tabbatar yana buɗewa.