Ƙotar bindiga ta katako mai falle-falle

Ƙotar bindiga ta katako mai falle-falle ita ce wadda ake sassaƙawa daga siraran fallayen itace da aka jera, aka shafa musu gam, aka matse su da zafi har suka zama dunƙule guda. Kaurin kowane falle bai cika wuce milimita biyu ba. Amfaninta shi ne ba ta lanƙwasa ko kumbura da damshi kamar ƙotar da aka sassaƙa daga gungume ɗaya, domin idan katako ya motsa yakan danne bututun bindiga, saiti ya kauce.

Tarihi

Jamus ce ta fara amfani da ita da yawa a bindigogin soja. Bindigar Karabiner 98k, wadda sojojin ƙasar suka karɓa a 1935, da ƙotar itacen walnot ta fara fitowa. Walnot kuwa yana da tsada, kuma sai ya daɗe yana bushewa kafin ya shiga aiki. Wajen 1937 ko 1938 masana'antu suka fara komawa ga fallayen itacen bic, wanda ke da yawa a dazukan Jamus. Sabuwar ƙotar ta fi ta walnot nauyi, amma ta fi jure ruwa da sanyi, kuma itacen da a da ake watsarwa ya sami shiga. Masu tara tsofaffin bindigogi kan bambanta su ta launin gam ɗin da ke tsakanin fallayen, wani ja-ja, wani fari.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Tarayyar Sobiyet ta ɗauki dabarar da itacen birc. An yi wa bindigar SKS irin wannan ƙota a shekarun 1950, haka ma AKM ta 1959. Bindigar Dragunov ta 1963 tana da ƙota mai babban rami a tsakiya, siffar da katakon gungume zai yi wuya ya ɗauka bai tsage ba.

A Amurka mafarauta da masu gasar harbi ne suka fi rungumarta, kusan daga shekarun 1980. Can ake rina fallayen kafin a manna su, shi ya sa ratsin toka-toka, ruwan ƙasa ko kore ke bayyana bayan sassaƙa. Kamfanin Rutland Plywood na jihar Vermont ya daɗe yana sayar wa masu ƙera ƙota wannan katako, har gobara ta cinye masana'antarsa a 2014.

Zaɓe

Nauyin ƙota mai falle-falle na rage bugun da bindiga ke yi wa kafaɗa, amma yana gajiyar da mai doguwar tafiya. Ana duba ko akwai inda fallaye suka fara rabuwa. Ko ta kai ƙotar roba tsayuwa a damshi, ra'ayi ya rabu.

Gogewa da shafe

Ana gogewa da samfefa daga mai kaushi zuwa mai laushi, ana ɗaura samfefar a kan ɗan katako shafaffe, saboda layin gam ya fi itacen tauri, hannu kaɗai sai ya bar kwari-kwari. Bayan an manna fallayen, rini ba ya kama ƙotar daidai, don gam ba ya sha. Galibi ana shafa mata man da ke bushewa ko fanish, shafi bayan shafi. Cikin kwarin da bututu ke kwanciya da ƙarƙashin gindin ƙotar ma ana shafewa, domin ta nan ruwa ya fi shiga.