Kifin Gardneri

Gardneri, wanda masana ke kira Fundulopanchax gardneri, ƙaramin kifin ruwan daɗi ne da ake samu a Najeriya da yammacin Kamaru, musamman a yankunan kogin Binuwai da na Kuros Riba. Masanin dabbobi George Boulenger ne ya fara bayyana shi a rubuce a 1911. Masu kiwon kifin ado a Turai da Amurka kan laƙaba wa kowane iri sunan inda aka samo kakanninsa, shi ya sa ake jin na Makurɗi, na Lafiya da na tsaunin Jos, alhali a Jos ɗin kanta ba kowa ya san da zamansa ba.

Tsawonsa bai cika wuce santimita 6 ba. Namijin ne mai ado: jikinsa shuɗi-shuɗi ne mai ɗaukar ido, an yayyafa masa jajayen ɗigo tun daga kai har wutsiya, kuma a wasu nau'o'insa bakin wutsiyar sama da ƙasa rawaya ne, da jan layi a cikinsa. Macen ruwan ƙasa ce, ba ta da wani kwalliya.

Mazauninsa ƙananan ƙoramu ne da fadamu da kududdufai masu inuwa, inda yake cin tsutsar sauro da ƙananan ƙwari. Wasu daga cikin wuraren nan kan ƙafe da rani, amma ƙwansa na iya jure zama a cikin laka mai danshi har ruwa ya dawo. Idan kuma a ruwa aka bar shi, yakan ƙyanƙyashe cikin mako biyu zuwa uku.

Kiwonsa ba wuya. Ƙaramin akwatin gilashi ya ishi namiji ɗaya da mata biyu ko uku, domin maza biyu a ƙuntataccen wuri ba sa rabuwa da faɗa. Murfi dole ne, saboda gwanin tsalle ne, ƙaramar kafa ma ta ishe shi ficewa. Ruwa mai ɗumin digiri 22 zuwa 25 a ma'aunin Celsius ya fi dacewa da shi, don haka mai kiwo a Jos sai ya kula da daren hunturu a Disamba da Janairu, lokacin da ruwan akwati kan yi sanyi ƙwarai. Don samun ƙwai, ana ɗaure tufkar zaren ulu a saka a ruwa, matan su riƙa maƙala ƙwai ɗaya-ɗaya a jikin zaren, mai kiwo kuma ya tsince su da yatsa, tun da suna da tauri, ba sa fashewa da sauƙi.