Haɗin gwiwar Najeriya da Nijar kan tsaro da kasuwanci

Haɗin gwiwar Najeriya da Nijar na nufin yarjejeniyoyi da hukumomi da zaman sulhu da ƙasashen biyu suke ta yi tun bayan samun 'yancin kai a 1960, don tsare iyakarsu da kuma sauƙaƙa cinikin da ke tsakaninsu. Iyakar nan ta kai wajen kilomita 1,500, ta taso tun daga Kamba da Gaya a yamma har ta dangana da Tafkin Chadi. Jihohi bakwai ne na Najeriya suke bakinta, wato Kebbi, Sakkwato, Zamfara, Katsina, Jigawa, Yobe da Borno, ta can ɓangaren kuma akwai Dosso, Tawa, Maraɗi, Damagaram da Diffa. Turawan Ingila da Faransa ne suka shata ta, aka kakkafa alamominta tsakanin 1906 da 1908, layin ya bi ta tsakiyar Katsinawa da Gobirawa da Daurawa da Barebari ya raba su biyu, shi ya sa har gobe za ka ga mutum gidansa na Najeriya gonarsa na Nijar, ko wa yana riƙe da katin zaɓen nan ƙane yana riƙe da na can.

Asali

Zumuncin gwamnatocin ya yi ƙarfi ne lokacin yaƙin basasar Najeriya (1967 zuwa 1970). Faransa ta karkata wajen Biyafara, amma shugaban Nijar Diori Hamani, duk da irin kusancinsa da Faransar, ya tsaya bayan gwamnatin Yakubu Gowon, a Yamai ma aka yi ɗaya daga cikin zaman sulhu a watan Yulin 1968. Najeriya ba ta manta da wannan halaccin ba. A 1971 aka kafa Hukumar Haɗin Gwiwa ta Najeriya da Nijar, hedikwatarta na Yamai, aikinta ta haɗa ma'aikatun ƙasashen biyu kan ciniki, sufuri, lafiyar dabbobi, ruwa da makamashi. A ƙarƙashinta aka sa hannu kan yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 game da rabon ruwan da ke ratsa iyaka, irin su Gulbin Maraɗi da kogin Komadugu Yobe. Hukumar dai ba ta cika yin amo ba, mutane da yawa a bakin iyakar ma ba su san da ita ba, amma duk sanda aka ɓata aka dawo shiri, sunanta ake fara kira.

Wutar lantarki

Wannan shi ne babban abin da aka fi gani a ƙasa. Tun shekarun 1970 Najeriya ke tura wa Nijar wuta ta layin Birnin Kebbi zuwa Yamai, daga baya aka ƙara wani layin daga Katsina da ke ba Maraɗi da Damagaram. Kafin 2023 kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da kamfanin lantarkin Nijar, NIGELEC, ke rabawa daga Najeriya take zuwa. Mutanen arewa sun sha yin ƙorafi, wai mu muna cikin duhu ana haska wa maƙwabta, sai dai lissafin gwamnati daban ne, kogin Kwara ta Nijar yake biyowa kafin ya iso Kainji da Jebba, in maƙwabcinka na samun wuta da sauƙi ba zai yi saurin datse ruwan daga sama ba.

Ciniki

Nan kam 'yan kasuwa sun riga gwamnati, don fatauci tsakanin Kano da Damagaram da Agadas ya girmi ƙasashen biyu nesa ba kusa ba. Daga Nijar ana shigo da shanu, raƙuma, tumaki, wake, aya da albasar Galmi. Daga Najeriya kuma gero, masara, siminti, kayan roba, lemon kwalba da man fetur ke fita. Kasuwannin da suka yi suna sun haɗa da Illela mai kallon Birnin Ƙonni, Jibiya mai kallon Ɗan Isa, Mai'aduwa, da Maigatari ta Jigawa wadda ke ci ranar Alhamis, ga kuma Dawanau a Kano inda farashin hatsi in ya motsa sai an ji a jika a Maraɗi. In ka je Maigatari ana gab da Babbar Sallah za ka ga raguna tuli, dillali ya kama hannun mai saye sun rufe da hannun riga suna ciniki, can gefe ɗan canji na zaune da damin naira da na sefa yana lissafin jaka nawa ce yau.

Akwai kuma ɓangaren da ba ya shiga littafin kwastan. Shinkafa 'yar waje da gwanjo da motoci na hannu kafin rikicin 2023 akan sauke su a tashar Kwatano ta ƙasar Binin, a hau da su Nijar a matsayin kayan wucewa, daga nan 'yan fito su tsallako da su ta hanyoyin daji. Fetur kuma yana bin hanyar ne ta baya, lokacin da ake biyan tallafi a Najeriya jarkoki ne ke kwarara zuwa wajen 'yan ruwa-ruwa na Maraɗi da Ƙonni, da aka cire tallafin a ƙarshen Mayun 2023 nan da nan farashin kwalba ya tashi a can. Wannan sumogal ɗin shi ne hujjar da Abuja kan kawo duk sanda za ta rufe iyaka. An rufe daga 1984, zamanin mulkin Janar Buhari, zuwa 1986, ya zo daidai da fari, har mutanen Nijar suka raɗa wa yunwar wannan lokacin suna El Buhari. An sake rufewa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, shinkafar dai ba ta daina shigowa ba, kuɗin fito ne kawai ya ƙaru.

Babban aikin da ake sa rai a kansa yanzu shi ne titin jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. An aza harsashinsa a Fabrairun 2021, kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal ke yin aikin.

Tsaro

Ta gabas matsalar Boko Haram ce. Tun 1998 Nijar da Chadi suka shiga rundunar haɗin gwiwa ta yankin Tafkin Chadi mai sansani a Baga, lokacin 'yan fashin kan iyaka ake fama da su. Da mayaƙan Boko Haram suka ci Baga a Janairun 2015, suka kuma kai hari Bosso da Diffa a wata na gaba, sai aka sake wa rundunar fasali, aka shigo da Kamaru da Binin, hedikwata ta koma Njamena, Diffa ta zama mazaunin shiyya ta huɗu. A Maris ɗin wannan shekarar sojojin Nijar da na Chadi ne suka tsallako suka ƙwato Damasak, garin Najeriya, abin da ba kowa ke tunawa ba.

Ta yamma kuma 'yan bindiga ne da ɓarayin shanu, waɗanda in an matsa musu a nan su tsallaka can. Dubban mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina sun yi gudun hijira zuwa ƙauyukan jihar Maraɗi, yawancinsu gidajen dangi suka sauka. A Satumbar 2019 gwamnonin jihohin nan uku suka je Maraɗi suka zauna da takwaransu suka sa hannu kan takardar aiki tare.

Rikicin 2023

Ranar 26 ga Yulin 2023 dogarawan fadar shugaban ƙasa ƙarƙashin Janar Abdourahamane Tiani suka kifar da shugaban Nijar Mohamed Bazoum. ECOWAS, wadda mutanen Nijar ke kira Sedeyawo, tana hannun Bola Tinubu a lokacin, ta ƙaƙaba takunkumi ta kuma yi barazanar tura soja. Najeriya ta rufe iyaka ta yanke wuta, manyan motoci suka yi layi a Illela da Jibiya albasa na ruɓewa a ciki. Majalisar dattawan Najeriya ta ƙi goyon bayan yaƙi, sanatocin arewa suka ce da wa za a yi, da surukanmu? Waɗanda suka yi ta kai da kawowa a lokacin su ne Janar Abdulsalami Abubakar da Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar, sai Muhammadu Sanusi II da ya samu ganin Tiani tare da Sarkin Damagaram, sai tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Bala Lau, kuma ƙofar da ta ƙi buɗuwa ga jakadu su ta buɗe musu.

An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, aka buɗe iyaka a Maris. Amma kafin nan Nijar ta riga ta haɗe da Mali da Burkina Faso a ƙawancen ƙasashen Sahel da ake kira AES tun Satumbar 2023, ficewarsu daga ECOWAS ta tabbata a Janairun 2025. A Agustan 2024 hafsan tsaron Najeriya Janar Christopher Musa ya je Yamai aka sa hannu kan takardar tsaro, sai ga shi a Disamba Tiani ya fito a wata hira da Hausa yana zargin Najeriya da haɗa baki da Faransa, Abuja ta musanta. A Maris 2025 Nijar ta sanar da janyewa daga rundunar Tafkin Chadi. Wata guda bayan haka ministan harkokin wajen Najeriya Yusuf Tuggar ya sauka Yamai ya zauna da takwaransa Bakary Yaou Sangaré, suka amince a farfaɗo da hukumar 1971 ɗin nan, a ci gaba da maganar titin jirgin Maraɗi da wuta da kasuwannin kan iyaka.