Don Allah a daina loda wa gona mai gishiri takin zamani

'Yan uwana manoma, wannan maganar na sha faɗinta a bakin gona, amma zan ƙara. Duk noman rani sai an kira ni an nuna mini shuka ta tsumbure, bakin ganye ya ƙone, saman ƙasa ya yi fari-fari, ga laima a gindinta amma tana yaushi da rana. In na tambaya me aka yi mata, amsar ɗaya ce: "Malam, ai mun ƙara mata taki." An ƙara, an kuma ƙarawa. Haba jama'a!

Farin nan da kuke gani gishiri ne. Ruwan ban-ruwa ya kawo shi, rana ta shanye ruwan ta bar shi a sama. Takin zamani kuwa yawancinsa shi ma nau'in gishiri ne. Mai ƙishirwa kuke ba ruwan gishiri, ku ce kuna jinyarsa.

Kuma ba shukar kaɗai kuke cutarwa ba. A jikin saiwa akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, suna yi muku aiki ba lada. Ku tumɓuke waken suya ko gyaɗa a hankali, ku fasa ɗaya daga ƙulle-ƙullen da ke saiwar da farce. In cikinsa ja-ja ne, to bakteriya dangin Rhizobium, ɗaya daga cikin halittun nan, na nan tana ɗebo wa shuka naitirojin, wato sinadarin da ake zuba yuriya dominsa, daga iska. A gonar da gishiri ya kama, ƙullayen 'yan kaɗan za ku samu, cikinsu fari. Ku sake loda yuriya a kai, shukar ta daina yin su ma. Wasu bakteriyar kuma, irinsu Bacillus da Pseudomonas, suna fitar da wani abu mai yauƙi da ke riƙe gishirin ya rage shiga saiwa, Azospirillum kuma na sa saiwa ta yi yawa ta nemo ruwa. Waɗannan kuke kashewa da hannunku.

Na san tausayin gonar ne da tsoron asara ke sa ku, kuma ba ku kaɗai ba ne: a 2021 hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta ce sama da hekta miliyan 833 na ƙasar duniya gishiri ya taɓa su. Amma buhu a kan buhu ba zai fid da ku ba.

Ga abin yi:

- A gwada ƙasa da ruwan kafin a sayi taki.
- A buɗe magudanar ruwa, a wanke gishirin ƙasa da ruwa mai kyau.
- A zuba ruɓaɓɓen takin dabbobi, a bar karmami ya rufe ƙasa, kada a ƙone shi.
- In an samu garin bakteriya na cuɗa iri, a ajiye shi a inuwa, kada a haɗa shi da takin zamani.
- Takin zamanin, in ya zama dole, kaɗan-kaɗan, kashi-kashi.

Wanda ya ga farin nan a gonarsa ya nemi malamin gona tun bai kwance bakin buhu ba.