Kulle mashayi a ɗaki ba magani ba ne

A Sakkwato, da an gano yaro yana shaye-shaye, shawarar da ake fara bayarwa ita ce a kulle shi, wani lokaci har da mari a ƙafa, wai da ƙwayar ta fita daga jini ya warke. Kuskure ne, kuma yana iya kai wa ga rasa rai.

Jikin da ya saba da giya ko ƙwayoyin sa barci irin su diazepam, idan aka yanke masa farat ɗaya, yakan soma da rawar hannu da gumi, sannan jijjiga irin ta farfaɗiya. Mai giya ma yana iya ruɗewa da gane-gane bayan awa 48 zuwa 72, abin da jama'a kan ɗauka aljanu ne. Shi ya sa a asibiti, kamar na ƙwaƙwalwa da ke Kware, likita ke rage magani sannu a hankali yana duba bugun zuciya. Mai kodin ko tramol kuwa, gudawa da ciwon gaɓoɓi ke galabaitar da shi.

Wanke jikin daga ƙwaya ma matakin farko ne kawai. Sha'awar ƙwaya tana nan, juriyar jiki kuma ta ragu, don haka wanda ya koma kan adadinsa na da yana iya mutuwa. Dole a ci gaba da ganin likita da masu ba da shawara har tsawon watanni.